Shuɗin da Bai Yi Masa Ba

Nafi'u, ajiye wayar nan ka saurare ni. Wata huɗu ke nan kullum ka leƙo maɗaba'ar nan sai ka ce mujallarku saura ƙiris, bango ne kawai bai kwanta maka a rai ba. Ni da na tsufa a gindin injin buga takardu na ga irinku da yawa, kuma ba haushinku nake ji ba, tausayi kuke ba ni. Bari in ba ka misali da wani.

A wani birni an yi wani mai zane, irin naku na kwamfuta, wanda shi da abokansa biyu suke fitar da 'yar mujallarsu, babu gwamnati babu kamfani a bayansu. Kwafi ɗari uku suke bugawa su raba a shagunan littattafai. Mutum ne mai ido, ko da kaurin gashi layi ya karkace sai ya gani. Wata rana ya ji labarin wata tsohuwa a cikin lungu, wadda ta shekara hamsin tana ƙulla farin yadi da zare da allura, a kai marina a tsoma a baba, in an kwance ƙullin sai ado ya fito. Marina sun yi suna da aikinta, fatake sun kai shi garuruwan da ba ta taɓa ji ba, amma ba wanda ya taɓa ambaton ta. Ya je ya durƙusa ya gaishe ta, ya ɗauki hotunan zannuwanta, ya yi mata alkawarin shafi takwas har da bango. Ta yi dariya ta ce ita ba ta yi boko ba, amma tana so ta ga ƙullinta a takarda ko sau ɗaya ne. Ta kuma roƙe shi ya hanzarta, don idonta kullum raguwa yake yi, an je asibiti an ce sai haƙuri.

Cikin mako uku ya gama tsara shafukan, aka buga na gwaji. Komai ya fito daidai, ban da launi. Shuɗin baba yana da wani duhu mai ɗaukar ido, wannan kuwa ya fito fari-fari kamar ruwan bula. Mai maɗaba'ar ya ce masa ya kai wa tsohuwar ko wannan ɗin ta fara gani, mai zanen ya ce Allah ya kiyaye ya kai mata aikin shekara hamsin a wulaƙance. Ya bar takardun a nan ya ce a zubar. Ya sake takarda, ya sake tawada, ya sake maɗaba'a, har wani gari ya je neman injin da zai iya. Abokansa suka yi magana har suka gaji. Damina ta zo ta wuce, aka yi girbi. Kada ka ce girman kai ne, wallahi ganin girmanta yake yi, shi ya sa ko leƙa ta ya kasa yi hannu rabbana. Sai dai idon tsohuwa bai san ana jiran tawada ba.

A wata na tara shuɗin ya fito yadda yake so, har ka rantse yadin ne aka shimfiɗa a kan takarda. Ya ɗauki kwafin farko ko bushewa bai gama ba, ya nufi lungun yana murmushi shi kaɗai. Ya same ta a tabarma a ƙofar ɗaki, ya yi sallama, sai ya ga ta juyo da fuska tana neman inda muryar take. Ya ɗora mata mujallar a cinya. Ta bi bangon da yatsunta tana laluben ƙulli, takarda kuwa sumul, babu abin da yatsa zai kama. Nan ya zauna a ƙasa ya shiga ba ta haƙuri.

Ita ce ma ta lallashe shi. Ta sa hannu ƙarƙashin matashinta ta zaro wata takarda a ninke, duk mai ya ɓata ta. Ashe takardun gwajin nan da ya ce a zubar, mai maɗaba'ar ya ba wata mai ƙosai ne. Wata maƙwabciyar tsohuwar ta sayi ƙosai aka naɗe mata a ciki, ta gane adon, ta kawo mata. A lokacin da sauran ganinta. Kwana da kwanaki tana fitowa rana da takardar tana kallo, duk wadda ta shigo gidan sai an nuna mata.

"Kwantar da hankalinka, ɗan nan," in ji ta. "Ai na gani. Shuɗin ya ɗan koɗe, amma ƙullina ne, na gane abina."

To ka ji, Nafi'u. Wanda ya yi wa wata tara bai sami idon da zai gan shi ba, wanda ya raina har ya ce a zubar shi ne ya cika masa alkawari. Ban san wanda ke jiran mujallarku ba, kai ka sani. Gobe da safe ka kawo min bangon nan yadda yake mu ɗora a inji. Ba a banza Hausawa suka ce, da babu gara ba daɗi.