Tsakar Duwatsun Timiya

Bugu ɗaya Bahago ya yi wa tsakar da takalmi, ta faɗo daga bangon madafa, ciki a sama. Ya yi hamdala. Kowa a Agadas ya san ladan wanda ya kashe tsaka a bugun farko, ga shi kuma ya tsare miyar kumandan daga dafi. Tun da ya fara dafa abinci a gidan nan, tsaka ba ta taɓa kwana biyu a bangonsa ba.

Sai da ya tura gawar cikin murhu, wuta ta lashe ta, sannan ya tuna da daron.

Wani Anasara ne ya sauka a gidan, baƙon kumandan, jajur kamar an gasa shi. Ya yi wata da watanni a duwatsun Timiya yana ɗage-ɗagen duwatsu kamar wanda allurarsa ta ɓace, abin da ya dawo da shi duka tsaka guda. Wai ba a taɓa ganin irinta a Faransa ba, can zai kai ta da ranta. Ya zuba yashi a daro mai zurfi, ya ɗora ɗan faffaɗan dutse a tsakiya, ya ajiye a baranda ko murfi babu. Kumandan ya tara masu aikin gidan ya ce duk wanda ya sa wani abu ya same ta, a gidan kaso zai yi furfura. Bahago ko leƙa daron bai yi ba. Shi tsakaninsa da tsaka sai takalmi.

Yanzu kam ya leƙa. Yashi. Dutse. Ya bi jikin daron da ido ya zagayo, ya duba baki, ya duba bangon baranda har rufi. Babu. Daga baranda zuwa madafa kuwa ɗan taku ne.

Gumi ya keto masa. Kumandan da baƙonsa sun tafi kasuwar raƙuma, sai la'asar za su dawo, rana kuwa ta riga ta karkata.

Ya sheƙa gida, rawani a hannu. Matarsa Habsa ta saurare shi tana tankaɗe, ko tsayawa ba ta yi ba.

«Maigida, tsaka ai tsaka ce. Ko ragon suna Anasaran ya yanka mata da zai gane ta? Ga su can bayan tuluna.»

Mutumin da bai taɓa tunkarar tsaka da hannu sake ba, yau shi ne durƙushe da ƙwarya yana lallashi. Ya nufi wata 'yar siririya, Habsa ta tare shi.

«A'a, waccan ƙatuwar. In ya ga ta yi ƙiba, har yabonka zai yi.»

Ƙatuwa ce kuwa, kai kamar babban yatsa, amma da gani ta kwana biyu ba ta ci ba. Yana juye ta a daron ta yi tsalle ta manne a jikin daron, ta nufo bakin daron. Ya yi wuf ya kifa faifai, ya danne. Haka waccan ma ta fita, in ji zuciyarsa. Anasara da duk iliminsa bai san tsaka na hawa ba!

Cikin duhun daron ya ji ɗan motsin yashi, sai wata 'yar fafatawa, sai shiru.

Ladan bai gama kiran la'asar ba mota ta tsaya. Kumandan ya hau baranda, bulala a hammata. Baƙon ya wuce kai tsaye wurin daron. Bahago ya tsaya da butar shayi.

«Wa ya rufe?» in ji Anasaran da Hausarsa ta hanci, yana dariya. Ya zare faifan. «Ba sai an rufe ba. Tawa ba ta iya hawa, 'yar ƙasa ce. Ƙarƙashin dutsen nan take wuni, sai ta ga duhu take fitowa.»

Ya ɗaga dutsen a hankali. Babu kowa, sai ɗan gurbin kwanciya a yashi. A jikin daron kuwa ga ƙatuwar Bahago manne, ciki ya taso, 'yar wutsiya mai zanen duwatsun Timiya tana reto a bakinta.