Gishirin Inna Kande

Tun da aka kafa dokar cewa duk gishiri sai ya bi ta rariyar hukuma, ya koma lukui kamar gari. Inna Kande kuwa makauniya ce, shekara hamsin ke nan tana auna shi da yatsu uku. Yanzu kullum sai ya yi wa miyarta yawa.

"Tasalla, ki karɓi girkin nan," ta ce wa 'yarta da safe. "Hannuna ya daina ji."

Tasalla ce mai kula da tukwane a masana'antar gishiri. Ta san in aka bar ruwan ya ƙafe a hankali, ba a motsa ba, ƙwayar girma take yi. Ta kuma san korar mutum ake yi a kai. Kwana tara ke nan da ta ɓoye wata tukunya a lungu.

Da la'asar ta dawo, ta kwance bakin zaninta, ta zuba gishirin tukunyar nan, mai manyan ƙwayoyi, a tafin tsohuwar.

Inna ta murza, ta daɗe tana murzawa. Ta ɗiba da yatsu uku ta jefa a miya, ko ɗanɗanawa ba ta yi ba.

"Ashe ba hannuna ba ne," ta ce a hankali. "Tura ƙofar nan tukuna, ki zo mu ci."