Jar Motar Ƙofar Na-Baya

Ƙarfe bakwai da minti goma na safe, kamar jiya da shekaranjiya, jar motar ta yi gurnani a ƙofar gidan da ke kallon na Malam. Malam ya ajiye kofin shayi, ya duba agogo, ya rubuta lokacin da jan biro.

Shekara talatin da biyar ya yi yana koyar da lissafi kafin ya yi ritaya. Motarsa fara ce, shekararta goma sha huɗu a hannunsa, kuma bai taɓa jin ta yi masa kaɗan ba sai da aka kawo wannan. Kamfani ɗaya ya ƙera su, suna ɗaya, amma ita jar ƙirar tsere ce: gajeriya har cikinta na neman shafar ƙasa, tayoyi masu faɗi, salansa biyu, da ɗan fiffike a kan but.

Kuma a ƙofar wa? Ƙofar Na-Baya, mai shagon fenti. Malam ne da kansa ya raɗa masa sunan, domin shekara uku a ajinsa bai taɓa barin baya ba, a wurin zama ko a jarrabawa. Mutumin da ya bar makaranta bai iya raba goma sha biyu gida huɗu ba, yau shi ne da motar da hotonta ya yi wata takwas manne a ƙofar kabad ɗin Malam. Ina adalci a nan?

Abin da ya fi ci masa rai, Na-Baya ko hawanta ba ya yi. Ya tayar da inji, ya goge gilashi, ya lulluɓe ta da tamfol, ya hau tsohon babur ɗinsa ya tafi shago. Ran nan har titi ya tsallako, ya rusuna ya gaida Malam, ya tambaye shi ko kalar ta yi masa. Malam ya ce da ja ake gyara wa daƙiƙai kuskure, ya shige gida.

A ranar ya raba takarda gida biyu. A hagu ya jera dalilan zama da farar: shan mai, ramukan hanya, ciwon gwiwa, har guda bakwai. A dama ya rubuta dalili ɗaya na canzawa: Na-Baya. Karo na farko a rayuwarsa, ɗaya ya fi bakwai.

Ya kai farar wurin dillalin motoci don musaya. Dillali ya ce irin jar guda ɗaya aka kawo, an saye, wata sai bayan wata uku. Matarsa da ta ji, ta ce ya ɗan jira mana, ko sati biyu ne, tana magana tana danne dariya. 'Yarsa ma haka ta faɗa a waya, ita da ta karɓi katin shaidarsa da hotuna biyu tun watan jiya, wai za ta buɗe masa fayil a asibiti, har yau shiru. Malam ya gane: gani suke ya tsufa da irin wannan mota.

Washegari da hantsi ya tsallaka, ya ɗaga tamfol. Babu lamba, gaba da baya. An matso da kujerar direba har jikin sitiyari, alhali Na-Baya dogo ne kamar falwaya. Ko zama a mota bai iya ba. Malam ya auna da tef: santimita arba'in da biyu motar ta ci daga titin jama'a.

Ya zauna ya rubuta ƙara zuwa ofishin kula da hanya, kwafi uku, da lokutan gurnani na kwana goma sha tara. Ba amsa. Ya rubuta ta biyu. Ta uku da ƙafarsa ya kai, ya ƙi tashi sai da aka buga mata hatimi.

Ranar Alhamis, matarsa ta tafi kasuwa, motar janwe ta iso. Da aka ɗaga jar, bambar gaba ta gurji kwalta ta tsage, fiffiken ya daki bango ya karkace. Malam na tsaye a ƙofa, hannaye a baya. Rabonsa da jin sanyi a ransa irin wannan tun ranar da ya karɓi takardar fansho.

Na-Baya ya iso a guje, gumi na zuba.

"Malam, na shiga uku. Amana aka ba ni. Me zan ce mata?"

Ya juya yana lalubar waya. Ashe ma motar ba tasa ba ce! Malam ya sa hula, ya tayar da farar, ya riga kowa zuwa ofishin.

Ya shimfiɗa wa jami'in buƙatunsa a jere: a nemo mai motar ko waye shi, a ci shi tara cikakkiya ba ragi, kuma ya rubuto takardar ban haƙuri. Da aka iso da jar, jami'in ya buɗe ambulan ɗin da aka samu a aljihun motar. Ya dubi takarda, ya dubi Malam, ya sake duban takarda.

"Baba, yau za ka biya tarar, ko sai gobe?"

Ya juyo masa da ita. A ƙasa sa hannun 'yarsa ne, a layin mai saye. A layin mai mota kuwa sunan Malam ne, ba kuskuren baƙi ko ɗaya, kusa da hoton nan da aka ce na asibiti ne.