Malfar Inna

Inna, kakata, jaji ce, wato ita ke jagorantar matan ƙauye zuwa ɗaukar karatu cikin birnin Sakkwato. Alamar muƙaminta wata malfa ce mai jan ƙyalle, tana ƙamshin man shanu da hayaƙi.

Wata la'asar matan Wamakko suna zaune suna karatu a tsakar gidanmu, sai ga baturiya ta shigo ba sallama, tafinta na biye da ita, dogari ya tsaya a zaure. Tafinta ya ce an zo neman 'yan mata, za a koyar da su yadda mace ke shugabanci. Baturiyar tana murmushi ta ɗauki malfar daga kan tabarma ta ɗora a kanta. Karatu ya tsaya cak. Ba mai sa wannan malfa sai wadda aka naɗa.

Sannan baturiyar ta nuna ni da yatsa.

Hannun Inna ya sauka a wuyana, sanyi ƙalau. Ta kalli matar, ta ce wa tafinta, "Malam, hwaɗa mata ta tai da malfar. Ɗiyar kau ta bar min."

Baturiyar ta yi dariya, ta yarda, ta fita da ita a ka. Matan suka naɗe tabarminsu tun rana ba ta faɗi ba, ba wadda ta dubi Inna.

Na tsufa ina saye da sayarwa, na san tsada. Har yau ban iya cewa ko Inna ta ci riba a kaina ba.