Gurbi a Layin Baba

"Kowa ya tsaya bayan ɗan takararsa!" in ji jami'in da uwar jam'iyya ta turo.

Baba, mahaifina, ke neman shugabancin jam'iyya na mazaɓar Yelwa. Ni kuwa manyan jiha sun yi mini alkawarin kujerar shugaban matasa na ƙaramar hukuma, muddin na bi mutuminsu da ke takara da Baba.

Na bi shi. Na shige tsakiyar layinsa, na ja hula na rufe fuska.

"Ɗan Alhaji, yau ka girma," wani ya raɗa mini.

Da aka fara ƙirga na ɗago kai. Baba bai waiwaya ba. Layinsa gajere ne, amma dab da bayansa 'yan unguwa sun bar gurbin mutum ɗaya, suna ta duban ƙofa ko zan shigo.