Turmi Ɗaya Ya Rage wa Lakot

Ba ta gaishe shi ba, shi ma bai gaishe ta ba. Lakot ta jefar da jakarta a ƙasa, ta haye doguwar kujerar, ta kafe silin da ido.

Wallahi da tana da wurin zuwa, ko inuwar asibitin nan ba za ta taka ba. Amma turmi ɗaya tal ya rage mata a baki na tauna rogo da gasasshiyar masara, shi ma ya yi kogo, kwana da kwanaki yana zuga kamar ana dakan tamba a cikin kanta. Duk inda ta je a Gulu sai a ɗauko filaya, wai cirewa za a yi. Mutum ɗaya aka ce zai iya cike shi, Dakta Kilama, mutumin da ya rantse sai ya ga bayanta.

Sana'ar Lakot ce silar gabar. Idan jariri ya kama zawo da zazzaɓi, aka ga fari-fari ya kumbura a dasashinsa, ita ake kawo wa. Ta ɗauko wayar ƙafar keke da ta wasa, ta tono haƙoran tsutsa tun ba su kashe yaro ba. Haka ta gada wurin kakarta. Sai ga wannan mai farar riga ya bi ya addabe ta a rediyo, wai ba wata tsutsa, fiƙoƙin yaro ne da ba su fito ba. Shi ya turo 'yan sanda suka kwashe mata kayan aiki. Shi ya ambaci sunan wata jaririya, Aber, ya ce a hannunta jini ya ƙare mata.

Ƙarya ne, zazzaɓi ne ya ɗauke yarinyar. Haka Lakot take faɗa wa kowa, haka take faɗa wa kanta. Amma tun daga lokacin matan unguwa suka koma kiranta Lakot tsurarsa, ba sa haɗa ta da sunan ɗan fari kamar yadda ake yi wa kowace uwa, sai ka ce ba ta taɓa durƙusawa ba.

"Mama, an gaji da cire na mutane, an zo a ceci na kai?" Muryarsa ta fito ta bayan takunkumi, a sanyaye.

"Kai dai yi aikinka, mara kunya. Surutun ka ajiye wa rediyo."

"Buɗe."

Ya leƙa, ya ƙwanƙwasa, ta zabura har ƙafarta ta daki iska.

"Har yanzu da hagu ake cin rake ke nan," ya ce. Ya juya wajen nas. "Kada ki ba ta jan maganin nan, kumbura ta yake yi. Kawo allura."

Allurar ta shiga, rabin fuskarta ya mutu murus. Ya cusa mata auduga, bakin da ya saba mayar da martani ya koma ba shi da ta cewa. A nan ne ta hango filayar a kan faranti. Ya ɗauke ta, ya juya ta a hasken fitila a hankali, yana kallon Lakot.

Injin ya fara ƙugi, warin ƙonannen ƙashi ya cika mata hanci.

"Kin ga ni na kashe miki zafi," ya ce, hannunsa bai tsaya ba. "Ita Aber me kika ba ta? Uwarta ta tafi kasuwa, ubanta yana karatu a Kampala. Amana aka bar miki, ba wanda ya ce ki taɓa bakinta."

Lakot ta damƙe hannun kujera. Ta so ta ce yarinyar kwana take kuka, ta so ta ce ceto ta yi nufi. Abin da ya fito gurnani ne da yawu.

Ƙarfe ya shiga bakinta, ta ji an danna, an girgiza. Sai wani abu ya faɗa faranti, ƙwal. Shi ke nan, ya rama! Hawaye suka gangaro mata har cikin kunne, ta ga kanta tana shan kunu har ranar mutuwarta, yara suna yi mata dariya.

"Tofar," ya ce, ya miƙa mata madubi.

Turmin yana nan daram. Inda kogon yake an cike shi da farin abu, sumul. Abin da ya faɗa faranti ruɓaɓɓen gefensa ne kawai. Kunya ta kama ta, kunyar kuma ta ƙara mata haushi.

"Me ya hana ka cirewa?" Harshenta da ƙyar yake juyawa.

"Ni ba na tono abin da zai rayu."

Ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Ciyawa ta rufe kabarin Aber," ta ce. "Na je. Jiya na nome shi."

"Kada ki ci komai sai yamma," ya ce. "Kuma kada hannunki ya ƙara taɓa kabarin 'yata."

Ta juyo. Ya sauke takunkumin, ga giɓi biyu a ƙasa inda fiƙoƙi ba su taɓa tsirowa ba. Lakot ta san giɓin nan sarai, don ita ta tone su da hannunta, ta kuma ba shi nono ya yi shiru, a shekarun da duk unguwa ke kiranta Uwar Kilama.