Mai Gyara da Hanci

Mudi, Balaraba, Sha'aibu, ku matso nan. Ku ajiye wayoyin nan, ba da bango nake magana ba.

A wani ƙauye da ke ƙasan madatsar ruwa, an ɗaure lasifika a kan kuka, don in za a saki ruwa a yi shela, masu aikin fadama su hau tudu. Wata rana amfilifayar da ke ba lasifikar murya ta mutu, aka kai wa mai gyaran rediyo. Shi kuwa mutumin nan da hanci yake gyara. Yana da mitar awon wuta, amma tana rataye, gizo ya yi mata saƙa. Ya buɗe akwatin, ya shinshina, ya ga taransista, 'yar abar da ke ƙara ƙarfin murya, ta yi baƙi ƙirin, ya cire ta, ya liƙa sabuwa da dalma. Murya ta dawo. Kwana tara, taransistar ta sake ƙonewa, ya sake sa wata. Bai taɓa tambayar kansa me ke cin ta ba. Alhali a gefenta akwai wani ɗan rasista, bai fi ƙwayar shinkafa ba, ya lalace ta ciki, yana sakar mata wutar da ta fi ƙarfinta. Shi ba ya ƙauri, bai sauya kama ba. Da fis, wato siririyar wayar da ke yankewa in wuta ta yi yawa, ya dami mai gyaran da tsinkewa, sai ya ɗaure gurbinsa da wayar tagulla, ya ce yanzu kam an huta.

Ran nan da hantsi aka aiko daga madatsa cewa ruwa na tafe. Mai shela ya ɗauki makirfo, ko sallama bai gama ba akwatin ya yi fat, hayaƙi ya turnuƙe. Babu fis da zai tare, wuta ta lashe komai. Ya ruga kan tudu yana ihu da bakinsa, iska na kwashe muryar. Yana hango mutane sunkuye suna dashen shinkafa, bayansu ga jan ruwa yana tahowa da itatuwa a ka, ba wanda ya ɗago. Cikin masu dashen har da matar mai gyaran, da goyonta. Kwandonta kaɗai aka tsinta, maƙale a reshen ɓaure.

To, ku ji. Duk Sallah ƙanenku Ɗantala sai ya tashi da faɗa, ku taru ku danne shi, ku ce baƙar zuciya ce. Ba wanda ya auna abin da ke ƙona shi, kuma kun sani sarai: gonar ubanku ce da kuka ƙi rabawa shekara bakwai. Ni ce fis ɗin gidan nan, na kuwa kusa tsinkewa. Abin da wutar za ta ci ranar da ba ni, shi ke hana ni sukuni.

Hausawa suka ce an bar jaki ana dukan taiki. Ku kira limami da dattawan unguwa, ku raba gonar nan tun idona na gani.